Jatau, akun da Baba ya bari

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son ba da labarin nan, duk sanda na ɗauki waya zan fara sai kuka ya ci ƙarfina in ajiye, amma satin da ya wuce wata ƙawata ta kira ni take cewa za su sayar da akunsu saboda ya ciji baƙo, wai mugun tsuntsu ne, shine nace to bari dai in daure in rubuta ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ina aji uku a firamare Baba ya zo da Jatau. Baba Allah ya jiƙansa direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa da wake daga nan Kano ya kai kudu, in zai dawo ya ɗoro manja da ayaba, wani zuwan har Ikom yake kaiwa can jihar Kuros Riba dab da iyakar Kamaru, to a can ya saye shi a hannun wani mutum a bakin tasha. A kwali ya zo da shi an huhhuda masa ƙofofin shan iska, ɗan tsuntsu ruwan toka duk a firgice, wutsiyarsa ja jawur, dalilin da yasa Baba ya laƙaba masa Jatau kenan. Idonsa a lokacin baƙi ne wuluk, a hankali ya dinga washewa har ya dawo fari mai sirkin ruwan ɗorawa irin na yanzu, sai da na girma na san ashe baƙin idon nan alama ce ko shekara bai yi ba aka raba shi da uwarsa.

Shekara 23 suka yi tare da Baba. Da ciwon baya ya ajiye shi daga tuƙi sai ya zama kullum yana soro shi da abokansa, kejin Jatau yana rataye a lungu ta bayan kafaɗarsa. Ya iya amsa sallama, ya iya tarin Baba sak, ya iya hon ɗin babbar mota, sannan da yake sunan mahaifiyar Baba aka sa min bai taɓa kiran sunana ba sai dai Uwata, to shi ma Jatau haka ya ɗauka, "Uwata kawo ruwa", sau nawa zan ɗebo ruwa a kofi in fito soro in tarar Baba ma baya gidan. Duk unguwa an san shi, kowa cewa yake akun gidan nan akwai son mutane. Abin da ba mu lura da shi ba shine duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa kai masa hannu in ba Baba ba. In baƙo ya miƙa hannu sai Baba yayi dariya yace a'a malam ƙyale shi, in yana so shi zai zo. In yara suka taru a ƙofa suna aku kuturu aku kuturu sai ya ba su kuɗin alewa ya sallame su. Mu duk ɗaukarmu kishin tsuntsunsa yake yi.

Baba ya rasu wata Laraba da asuba. Kun dai san yadda gidan makoki yake, kafin azahar ba masaka tsinke. Da aka zo shimfiɗa wa maza tabarmi a soro wani ya sauke kejin ya shigo da shi tsakar gida ya ajiye a ƙasa, kusa da gurin wanke-wanke, inda kowa ta nan yake wucewa. A ƙasa fa. Kwana uku yara na zagaye da shi, wannan ya zura tsinke wannan ya zura kara, aku yi magana aku yi magana, har manya ma wasu suna zuwa su buga kejin, ba da mugunta ba, so suke su ji muryar mamaci. Ni kaina na wuce shi yafi a ƙirga, ba na cikin hayyacina, ko a raina ban kawo ba, kuma wannan abin har yau yana ci min rai. Daren sadakar uku Umma ce ta lura da jini a wutsiyarsa, ashe wani ya zura hannu ya fizge masa jan gashi guda uku. Har gobe ba mu san waye ba, ance dai akwai masu nemansa suna haɗa magani da shi.

Ranar bakwai abin ya faru. 'Yar Yayana, shekararta 6 a lokacin, ita ce jikar da Baba yafi ji da ita, Amaryata yake ce mata, ta samo gyaɗa ta zo za ta ba shi kamar yadda take ganin kakanta yana yi, ta zura ɗan yatsanta ta tsakanin waya. Ya kama. Bakin da yake ɓantarar katako kamar yana ɓare rake, ku kwatanta shi da yatsan yarinya. Ihunta har yanzu yana kunnena. Sai da aka kai ta asibiti aka yi mata ɗinki uku da allura. Yaya ya dawo idonsa jawur yace ko a fitar da tsuntsun nan daga gidan a sayar ko ya murɗe masa wuya, kuma wallahi ban ga laifinsa ba, 'yarsa ce, ga zafin rashin uba.

Da aka zo rabon gado nace a yi masa kuɗi a cire a rabona. Maigidana yace in dai zai rage miki kewa ki ɗauko shi. Haka na taho da shi gidana, tsuntsun da ya cika soro da surutu ya koma shiru ko uffan, ya fige gashin ƙirjinsa da bakinsa tas har fata ta fito, in ka doso shi sai ya manne a can ƙarshen keji yana wani irin gurnani kamar ana jan tsohuwar ƙofar langa-langa.

Shawarar farko da aka ba ni ita ta kusa kashe shi. Kowa cewa yake ki sa shi a tsakiyar falo inda zai dinga ganin mutane, zai saba. Na kuwa ɗora kejin a teburin tsakiya, lokacin kuma ba a daina zuwar min gaisuwa ba, mata su zauna zagaye da shi kowa na leƙa shi tana tausaya masa. Ga shi ni mai son turaren wuta ce safe da yamma, da dare kuma in kunna maganin sauro mai hayaƙi. A sati na uku na tashi na gan shi baki buɗe yana numfashi da ƙyar, wutsiyarsa na sama da ƙasa da kowane numfashi. Ko karyawa ban yi ba na lulluɓe kejin da zani muka nufi gurin likitan dabbobi.

Allah ya haɗa ni da mutum mai haƙuri, Allah ya saka masa. Ya duba shi ya ba da magani, sannan ya zaunar da ni ya dinga tambayata a ina yake kwana, me nake kunnawa a gidan, su wa suke zuwa gurinsa. Shi ya fahimtar da ni cewa numfashin tsuntsu ba irin namu bane, banda huhu akwai wasu jakunkunan iska a jikinsa, iskar tana ratsa shi fiye da yadda take ratsa mu, shi yasa hayaƙin da mu ƙamshi muke ji shi guba ne a gurinsa. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, hayaƙin janareta, har kaskon nan na zamani da abinci baya kamawa in aka bar shi a wuta yayi zafi sosai tiririnsa yana iya kashe tsuntsu cikin mintuna. Da na ba shi labarin cizon sai yace Hajiya tsuntsun nan ba mugu bane, tsoro yake ji. Yace a daji shi abin farauta ne, hannun da ya zo masa ta sama shaho yake gani, mutumin da ya tsare shi da ido biyu kuma kamar abin da zai cinye shi ne, ƙasa ita ce gurin da yafi jin tsoro a duniya, mu kuma nan muka ajiye shi kwana bakwai, sannan na zo na sa shi a tsakiyar ɗaki babu bango a bayansa ta ko'ina ana iya zuwar masa. Ga uwa uba mutum ɗayan da ya yarda da shi ya ɓace bai san inda ya shiga ba. Yace irin su a hannun mutane suna yin shekara 40 har 60, in kin riƙe shi da kyau tare za ku tsufa.

A bakinsa na fara jin yadda ake kamo su, a shafa danƙo a reshe ko a kwaso 'ya'yan daga kogon bishiya a dazukan Kamaru da Kwango da kudancin ƙasar nan, da yawa kafin a kai kasuwa sun mutu a hanya, har ta kai a shekarar 2016 ƙasashen duniya suka zauna a Johannesburg suka haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa saboda suna neman ƙarewa. Baba bai san wannan ba, ya ga tsuntsu ya burge shi ya saya, kuma ya riƙe amana iya ƙarfinsa. Amma ni da na sani yanzu ko kyauta aka ba ni wani daga kasuwa ba zan karɓa ba, kuma duk wadda ta ga Jatau tace ita ma za ta saya ina faɗa mata gaskiya. Daga baya ƙanina ya nuna min bidiyon wani aku irinsa mai suna Alex da wata baturiyar Amurka Irene Pepperberg ta yi shekara 30 tana nazari a kansa har ya mutu a 2007, yana bambance launi, yana ƙirga abu har shida, a tambaye shi ya ba da amsa. Na kalla na kalli Jatau, nace ashe abin da muka bari a ƙasa yara na tsokana da kara yana sane da komai.

Da muka dawo gida na kwashe kaskon turarena na mayar ɗakin kwana can ciki, shi ma sai ƙofa a rufe. Na samo keji mai faɗi mai kusurwa huɗu na kafa shi a lungun falo, bango ta baya bango ta gefe, yana hango ƙofa amma nesa da ita, tsayinsa daidai ƙirjina. Na ɗauko wani tsohon hiramin Baba na yafa a gefe ɗaya dan in ya gaji da ganin mutane ya samu gurin ɓuya. Da dare ana idar da isha'i nake kashe masa fitila da talabijin, likita yace yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 12 a duhu, kuma na gani da idona ranar da bai samu barci ba yini yake a fusace.

Sai kuma na gane wani abu da ya yi min ciwo, ashe ni ma baƙuwa ce a gurinsa. Shekara 23 yana gidanmu amma ban taɓa taɓa shi ba. To da kaina na fara. In ɗauko kujera in zauna nesa da shi in ba shi gefe, ba na kallonsa, ina tsintar wake ko ina karatun Alƙur'ani a hankali da yake Baba yana yi bayan asuba a kusa da shi. In zan tashi in jefa ɗan gutsuren dabino a kwanonsa ta waje in yi tafiyata ko waiwaye babu. Dabinon nan na cire shi daga cikin abincinsa na kullum, sai dai a irin wannan zaman kawai yake samu, dan ya zama duk sanda mutum ya matso abin daɗi ne yake biyo baya. A zaman nan na koyi karanta jikinsa. In ya shafe gashinsa ya lafe jiki ya miƙe wuya, tsoro ne, hanyar gudu yake nema. In ya tayar da gashi ya kumbura, ya baza wutsiya, baƙin tsakiyar idonsa yana ƙanƙancewa yana buɗewa da sauri, to cizo na nan tafe. In ya tsaya da ƙafa ɗaya yana goga bakinsa na sama da na ƙasa yana ɗan ƙara ƙus ƙus, hankalinsa a kwance yake. Har sunkuyar da kai iri biyu ce, akwai wadda yake saki wuyansa ya lumshe ido yana son susa, akwai wadda kan yana ƙasa amma idon yana kan yatsanka, wannan kar ka kuskura. Duk sanda na ga alamar baya so sai in ja da baya taku ɗaya, ko da na ci burin yau zai karɓa a hannuna. A ganina nan ne maganin yake gaba ɗaya, a gidan makoki ya yi gurnani ba a ƙyale shi ba, ya manne a lungu ba a ƙyale shi ba, sai da ya yi cizo aka watse, to ya koyi cizo ne kaɗai ake ji. Aikina shine in nuna masa ko gashi ya tayar za a ji.

Wata uku kafin ya karɓi dabino a hannuna. A wata na biyar ya tako ya hau damtsena da kansa, gashin ƙirjin ya fara tsirowa. Wata safiya ina kicin ina dama koko kawai na ji daga falo, Uwata kawo ruwa. Durƙushewa nayi a gurin, kokon ma ban san yadda ya ƙare ba.

Maigidana shi ne baƙonmu na farko, kuma Allah ya saka masa da alheri dan ba kowane namiji zai yi ba. Tayil ɗin falo muka dinga ƙirgawa, ya fara zama daga tayil takwas bayan la'asar, minti goma yana duba wayarsa ya ba shi gefe, in Jatau ya ci abinci ko ya gyara gashinsa a gabansa to bayan kwana biyu uku sai a matso da kujera tayil ɗaya, in ya lafe jiki a koma baya. Likita ya ce a gwada ba shi sanda ya hau maimakon hannu, amma shi duk wani abu dogo siriri tun karan nan na yara baya ƙaunar gani, ko tsintsiya na ɗauko sai ya firgita, dan haka muka haƙura da sanda muka tsaya a kwano. Kusan sati shida aka ɗauka. Sau ɗaya ya cije shi da ya yi gaggawar kai hannu kansa, bai yi ihu ba bai buge shi ba, ya janye hannun a hankali ya fita ya wanke, washegari ya koma tayil huɗu.

Amma wallahi koya wa Jatau bai kai koya wa mutane wuya ba. Mu da aka tashe mu da baƙonka annabinka, ta yaya za ki kalli babba ya shigo gidanki kice masa kar ka taɓa. Ranar da surukata ta zo ta zauna ta ɓantari goro ta miƙe za ta ba shi, na san likita ya ce goro da shayi da kofi duk abu ɗaya ne a cikinsu mai sa zuciyar tsuntsu bugawa har ta iya tsayawa, amma bakina ya yi nauyi, kunya ta riƙe ni har sai da hannunta ya kusa kejin sannan na durƙusa nace Hajiya ki yi haƙuri likita ya hana shi goro, ga dabino ki saka masa a kwano. Ta yi shiru ta koma ta zauna, na san ba ta ji daɗi ba, sai da ɗanta ya je har gida ya yi mata bayani. Yanzu kuwa a duk masu zuwa gidan ba wadda yake so kamarta, saboda ita in ta zauna da carbinta ba ta motsi da yawa ba ta ɗaga murya, da kansa yake saukowa gefen da take yana mata sallama.

Daga ranar na daina jira sai an shigo. Tun a bakin ƙofa bayan an gaisa nake cewa akwai aku a falo, na Babanmu ne, maraya ne, ku yi masa sallama daga nesa kar ku tsare shi da ido, in ya sauko ta gurinku zan ba ku dabino ku saka masa. Kalmar marayan nan tana sanyaya jikin mutane, kuma in ka ba baƙo abin da zai yi baya jin an hana shi. Sauran kuma likita nake jinginawa, likita ya hana. Yara su ne masu zuwa da cakulan da biskit a hannu, manya kuma fiya ko abin da aka soya da albasa da gishiri, duk babu wanda yake ci, akwai ma mai son ta tauna abu ta ba shi da bakinta wai dan ya so ta, ita ma na hana, yawun mutum yana sa musu ciwo kuma leɓe a gaban bakin aku ganganci ne. Duk wanda zai saka masa abu sai ya wanke hannu kafin da bayan, balle mai kiwon kaji, dan ciwon tsuntsaye a hannu da kaya ake ɗauko shi. Ta ɗaya ɓangaren ma akwai cutar da mutum yake iya ɗauka daga aku ta ƙurar busasshen kashinsa, zazzaɓi da tari har ta taɓa huhu, shi yasa kullum nake canza takardar ƙasan kejin, mai ciki ko tsoho mai asma kuma ina zaunar da su can nesa saboda farar ƙurar da take fita daga gashinsa. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa har gida neman ragowar ruwan da ya sha za ta ba ɗanta da bai fara magana ba, na tausaya mata ƙwarai amma ban ba ta ba, na roƙe ta ta kai shi asibiti a duba kunnensa.

Duk da haka sai da na sake yin kuskure, kuma wannan nawa ne ni kaɗai. Babbar sallah ce, 'yan uwa sun zo min yawon sallah mun kai mu goma sha biyar a falo, ni kuma ina ɗokin su ga ya warke, su ga ban yi asarar rabona ba. Na buɗe keji na ɗauko shi a hannu, na ga ya lafe jiki na ƙi kulawa. Wani yaro ya fasa balan-balan. Ya tashi fir ya bugi gilashin taga ya faɗo, Allah ya taimake ni babu wuta fanka ba ta juyawa, da labarin ya ƙare a nan. Wani sabon gashi ya karye a fiffikensa yana ta zubar da jini, na danna masa garin fulawa har ya tsaya, a garin haka ya cije ni a babban yatsa. Sati biyu bai ce komai ba, ya koma bayan hiramin Baba ya ƙi fitowa, sai da muka sake farawa daga tayil takwas. Tun daga nan in baƙi za su wuce uku ko huɗu, ko suna ko biki ko sallah, tun kafin su iso na kai shi ɗakin ciki na rufe. Sabon mutum ɗaya-ɗaya yake gani, kuma yana cikin keji. In zai fito to mu ne kawai 'yan gida, fanka a kashe, ƙofa da taga a rufe, kuma ko wanda ya saba da shi bana yarda ya hau masa kafaɗa kusa da ido da kunne. Yarana biyu na manna musu salatif a tayil, sun san nan ce iyakarsu in ba na gurin, ƙofar kejin kuma da ɗan kwaɗo.

Ba kowa ya karɓa ba har yanzu. Kawunmu mai dogara sanda ko ya bar sandar a waje Jatau baya yarda da shi, yana jin muryarsa zai shige bayan hirami, na gwada na gwada na haƙura na bar shi, ba dole sai ya so kowa ba.

Ita kuwa 'yar Yaya shekara uku ba ta taka falona ba, in sun zo a tsakar gida take tsayawa. Hutun da ya wuce ta zo ta yi mana sati, yanzu shekararta 9, tabon yana nan a yatsanta. Rana ta biyu na gan ta a bakin ƙofa tana leƙensa, tace Gwaggo ya tsane ni ne? Na jawo ta jikina na ba ta labarin abin da aka yi masa a kwanakin nan bakwai, har gashin da aka fizge, nace lokacin da kika zura hannu bai san naki bane, hannu kawai ya gani. Ba ta ce komai ba. Rana ta huɗu da kanta ta ɗauko littafinta ta zauna a tayil takwas ta ba shi gefe kamar yadda ta ga ana yi, ban ce ta matsa ba, ita take matsawa. Ranar da za ta tafi ta wanke hannu ta karɓi dabino, hannunta na rawa ta jefa a kwano ta dawo bayana da sauri. Ya tsaya yana kallo ta ido ɗaya, can ya sauko ya ɗauka ya riƙe da ƙafa yana ci.

Bayan magariba Yaya ya zo ɗaukarta, a tsakar gida ya tsaya kamar kullum. Tana sa takalmi kenan muka ji daga falo, da muryar Baba sak har da ɗan tarin nan, Amaryata zo nan. Tunda ya zo gidana ban taɓa jin ya faɗi kalmar ba. Yaya ya zauna a kan dakali ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita, mun daɗe a haka ba wanda ya yi magana.

Har yanzu ba ta taɓa shi ba, ni ma ban yarda ba tukuna. Ta dai ce Abbanta ya dawo da ita dogon hutu. Satin da ya biyo baya wani ɗan sahu ya yi sallama ya miƙo leda, dabino ne mudu guda, yace Yaya ne yace a kawo.